Musaya a Ɗakin Ƙudaje

Shida saura kwata. Coimbra na barci,
yayyafi na taka kogin Mondego a hankali,
ni kuwa na riga na buɗe ɗakin ƙudaje.
Tsami ya tare ni tun daga bakin ƙofa:
garin masara, yis, da baƙin ruwan rake
da Ermelinda ta dama jiya kafin ta bi bas.
Shekara talatin tana tuƙa wa ƙuda tuwo,
sunanta bai taɓa hawa takarda ba.

Sammako dole ne,
kafin matan da suka fito cikin dare su san namiji.
Na hura musu iskar da ke sumar da su,
na zube su kan farin faranti,
ina juya su da bakin siririn burushi.

Kakannin wasunsu daga gonar Anselmo na kamo su,
can tudun Douro, kan tulin ɓawon inabi.
Ya dubi ragata, ya dube ni, ya ce,
"Wato biyan ki ake ki kama
abin da nake biya a kashe?"
Ya ce in kwashe duka, har da na maƙwabta.

Jan ido, dogon fiffike: ɗari huɗu da sha ɗaya.
Farin ido, guntun fiffike: ɗari uku da casa'in.
Waɗannan yadda kakanni suka shiga haka suka fito.
Ba su nake nema ba.
'Yan tsakani nake nema,
mai idon wannan gida da fiffiken wancan,
shaidar cewa a jikin uwar, cikin duhu,
zaren ubanta da na uwarta sun kwanta kafaɗa da kafaɗa,
sun tsinke a wuri guda,
kowa ya ƙulla da wutsiyar ɗan'uwansa.

Namijin ƙuda ba ya haka.
Yadda aka ba shi ƙunshi, haka yake miƙawa,
ko bakin ɗaurin ba ya kwancewa.
Macen ce ke tsefe kitso ta sake.

Akwai inda zaren ba ya son tsinkewa,
can wajen ƙugunsa.
Nan ko ƙuda dubu ka jera
kusan magana ɗaya suke maimaitawa,
kamar ƙauyen da hanya ta manta.
Inda ake musaya, nan kasuwa ke ci.

Ƙarfe takwas, waya. Mahaifiyata ce.
Ko cikin ya fara motsi?
Kuma kada in gaya wa "mutumin nan" komai.
Shekara ashirin da biyu ba ta kama sunansa ba.
Shi yana Setúbal, hannu dumu-dumu da man jirgin ruwa,
ita tana Viseu da tukwanen furanninta,
ko a jana'iza ba sa haɗa benci.

Ban faɗa mata abin da na sani ba:
tun ina cikinta, ban wuce tafin hannu ba,
zarensa da nata suka zauna a jikina
suka gama cinikinsu, ba lauya, ba shaida.
Wannan da ke juyi ƙarƙashin farar rigata
wataƙila ya zo da haɓarsa
ɗinke da wushiryarta a zare ɗaya,
kuma ba kotun da za ta raba.

Na ajiye wayar. Ashe na daɗe.
Suman ya sake su, sun fara shure-shure.
Wata mai farin ido da dogon fiffike
ta goge fuska da hannu biyu,
ta tashi kafin in sa ta a lissafi.

Ermelinda ta shigo tana kakkaɓe lema,
ta bi ta da ido har saman taga.
"Ta nawa ce?"
Na ce ban rubuta ba.
Ta ce, "To, ni dai na ciyar da ita,"
ta ɗora tukunya.